Zurfin Kan Tanki Shi Ne Shaidarsa

Duk wanda ya tsaya a gidan sayar da gas, ko a rumfar mai faci, ya ga tankin ƙarfe mai kai kamar kubba. Ido kan ɗauke ta a matsayin ado, alhali a jikinta ake gane ko maƙerin ya yi lissafi ko ya yi tsimin ƙarfe. Saboda haka bai kamata injiniya ko mai saye ya amince da tanki ba sai ya auna zurfin kansa.

A ɗauki tanki mai faɗin mita 2. Idan zurfin kubbar ya kai mita 1, to rabin ƙwallo ce, kamar kifaffiyar ƙwarya. Ita ta fi rarraba matsi daidai, har rabin kaurin bangon tanki ya ishe ta. Amma ƙera ta da wuya da tsada, shi ya sa ake ajiye ta don matsi mai tsanani.

Idan zurfin santimita 50 ne, wato rubu'in faɗi, kuma lanƙwasar ta tafi sumul babu gargada, wannan ita ce mai siffar ƙwai. Kaurinta kusan ɗaya yake da na bango.

Ta uku ita ce mai ruɗi. Tsakiyarta shimfiɗaɗɗiya ce kamar tasa, sai gefenta ya karya kwana da gaggawa kafin ya haɗu da bango. A wannan gwiwa matsi ke taruwa. Ƙa'idar ASME ta Amurka ta hana radiyos ɗin gwiwar ya gaza kashi 6 cikin 100 na faɗin tanki, yayin da samfurin Klöpper na Jamus ke ba ta kashi 10. A ma'aunin ASME zurfinta bai wuce santimita 34 ba, amma tana bukatar kaurin da ya zarce na bango da wajen kashi 77 cikin 100. Arhar ƙira a kauri ake biyan ta.

Haɗarin yana inda aka zaɓi tasa don sauƙinta, sannan aka yanke ta daga falle ɗaya da bango. Mafi muni shi ne faifan ƙarfe miƙaƙƙe da mai walda ya liƙa a bakin tankin iska. Irin wannan tanki yakan yi shekaru lami lafiya, har ranar da gwiwa ko walda ta gaji. Awon zurfi da kauri aikin 'yan mintuna ne, kuma ya kamata a yi shi kafin kuɗi su fita daga hannu.