A Ina Mickey Ya Kwana? Martani Ga Masu Hawayen Daɗi

Duk lokacin da Disamba ta kama, masoya tsofaffin katun sukan sake ɗauko wani ɗan gajeren fim na kamfanin Walt Disney mai suna Mickey's Good Deed, wato kyakkyawan aikin Mickey, su yi ta zuba masa yabo. Fim ne baƙi da fari, bai kai minti goma ba, Burt Gillett ne ya ba da umarninsa, aka fara nuna shi a gidajen silima na Amurka cikin Disambar 1932. Bakin yawancin masu kallon ya zo ɗaya a kansa. Wai yana sanyaya zuciya, wai yana koya wa yara kyauta da sadaukarwa, wai ƙarshensa farin ciki ne mai sa hawaye. Wannan magana ta ƙarshe ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin a ganina ba ƙaramin rashin nazari ba ne a kalli labarin da ya fara da marar gida a waje cikin sanyi, ya kuma ƙare da shi a waje cikin sanyi, sannan a ce an yi kyakkyawan ƙarshe.

Bari in warware labarin saboda wanda bai gani ba. Daren jajiberen Kirsimeti ne, dusar ƙanƙara tana zuba. Mickey yana tsaye bakin titi yana kaɗa wani ƙaton goge irin na Turawa, karensa Pluto yana taya shi da haushi, masu wucewa suna jefa musu wani abu cikin gwangwani. Da suka ji gwangwani ya yi nauyi sai suka nufi gidan abinci, amma da aka juye shi sai ga kusoshi da noti, babu ko kwabo. A wani gidan attajiri kuwa akwai wani sangartaccen yaro da ya gaji da tulin kayan wasansa, ya ji kukan Pluto ya ce shi lallai sai a ba shi karen. Aka aiko baran gidan da kuɗi, Mickey ya ƙi sayarwa, ya gudu, a cikin gudun ne gogen ya kuɓuce aka taka shi ya farfashe. Sana'a ta tafi ke nan. Daga nan ya leƙa tagar wani kango, ya ga wata kyanwa tana kuka, ga 'ya'ya rututu suna barci, ga hoton maigidan a bayan ƙarafan kurkuku. Sai ya koma ya sayar da karen, ya sayo kayan wasa, ya yi shigar Baba Kirsimeti ya kai wa yaran a ɓoye. Shi kuwa ɗan attajirin ya yi ta gana wa Pluto azaba har ya hargitsa gidan, uban ya fusata ya sa aka jefar da karen waje, ya kuma zane ɗansa. Pluto ya bi sawu ya iske Mickey zaune gaban 'yar wuta, ya gina gunkin karensa da ƙanƙara don ɗebe kewa. Tare da Pluto akwai gasasshen talotalon da aka ɗaure masa a wutsiya. Suka ci, fim ya ƙare.

To, ya kai mai karatu, mu yi lissafi irin na ɗan kasuwa. Da safe Mickey yana da goge da kare, ba shi da gida. Da dare ya raba, ba shi da goge, kuɗin ya tafi, gida kuma har yanzu babu. Ribarsa talotalo ɗaya, wanda ba zai ga wayewar gari ba. Kyanwar nan da 'ya'yanta fa? Sun sami ganga da 'yar tsana, amma mijin yana kurkuku kamar jiya. Attajiri kuwa ko gezau, asararsa ba ta wuce fasassun kwanuka ba. Ina farin cikin yake?

Masu yabo za su ce ai wasa ne na yara, kada a ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba. Wannan uzuri ba ya tsayawa da ƙafarsa. A wancan zamani ba don yara kaɗai ake yin waɗannan fina-finai ba, a silima ake nuna su kafin babban fim, gaban manya masu iyali. Su wane ne waɗannan manyan? Mutanen da kasuwar hannun jari ta rushe a kansu cikin Oktoban 1929, waɗanda zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin kowane huɗu na ma'aikatansu ba shi da aikin yi. A gefen manyan birane an kakkafa unguwannin bukkokin kwali da tsohon kwano, jama'a suka laƙaba musu sunan shugaban ƙasa Herbert Hoover don zambo. Har tsohuwar jaridar da marar gida ke lulluɓa da ita an sa mata suna bargon Hoover. Akwai irin wannan unguwa a tsakiyar babban lambun shaƙatawa na birnin New York, ta birnin Seattle kuwa ta yi kimanin shekara goma, daga 1931 zuwa 1941. Ran 28 ga Yulin 1932, wata biyar kacal kafin fitowar fim ɗin, sojoji a ƙarƙashin Janar Douglas MacArthur suka tarwatsa sansanin 'yan mazan jiya da suka taru a Washinton suna neman a biya su kuɗin da aka yi musu alkawari, aka cinna wa bukkokinsu wuta. Saboda haka wanda ya fito daga silima a waccan Disamba, ba sai ya yi nisa ba zai ga Mickey na gaske, mai jini da tsoka, a bakin hanya.

A nan ne gizo ke saƙar. Fim ɗin bai ɓoye talauci ba, ya nuna shi ƙarara. Abin da ya yi shi ne ya zana mana irin marar gidan da masu gida suke so: ba ya roƙo sai ya yi kiɗa, an zambace shi da kusoshi bai zagi kowa ba, bai ɗaga dutse ba, bai tambayi dalili ba, kuma da kuɗi ya shigo hannunsa sau ɗaya tak, sai ya kyautar. Wato sai talaka ya zama waliyyi kafin ya cancanci tausayinmu. Nauyin ciyar da mayunwata an sauke shi daga kan mai talotalo an ɗora wa wanda ba shi da ko tabarma. Mai kallo kuwa ya share hawayensa ya ji kansa mutumin kirki, alhali ko sisi bai fita daga aljihunsa ba. Hawayen daɗi ke nan, mafi arha a cikin hawaye.

Ɗaliban adabin baka za su gane abin da nake nufi idan suka tuna Gizo. Tatsuniya ba ta taɓa neman Gizo ya zama salihi kafin ta tsaya a bayansa ba. Idan yunwa ta ci shi, sai ya yaudari kura, ya yi wa zaki wayo, ya cika cikinsa, yara su yi dariya domin ƙarami ya ci galabar babba. Shi ma Mickey na farko, na Steamboat Willie a 1928, ɗan iskan gari ne mai tsokana. Cikin shekara huɗu, da ya zama jarin kamfani, aka wanke shi tas aka cire masa haƙora. Mu a nan idan tatsuniya ta ƙare mukan ce ƙurunƙus kan ɗan ɓera. A wannan tatsuniyar ta Disney kuwa, da gaske a kan ɗan ɓeran komai ya ƙare.

Kada a ce tsautsayi ne na fim ɗaya. A 1936 kamfanin ya sake fitar da Moving Day, a launi wannan karon, Ben Sharpsteen ya ba da umarni. Mickey da Donald sun yi wata shida ba su biya kuɗin haya ba, jami'in kotu Pete ya kawo musu notis, zai yi gwanjon kayansu, har yana ƙyasta ashana a bakin Donald don wulaƙanci. Suka kira Goofy mai motar ƙanƙara ya taya su gudu da kayan. Sauran fim ɗin kokawa ce da fiyano da tulun kifi, har iskar gas ta cika gidan, Pete ya ƙyasta ashana, gida ya tashi sama, kaya suka zubo cikin mota, abokai suka tsere suna murna. Masu kallo suna cewa an ci nasara kan azzalumi. Nasara zuwa ina? Motar ba ta da inda za ta sauke kayan, an gudu ne ba a tsira ba. Mu kwatanta da abin da ya faru a zahiri: a birane kamar Chicago da New York, ƙungiyoyin marasa aikin yi sukan taru idan an watso kayan ɗan haya waje, su kwashe su mayar cikin ɗaki. A Agustan 1931 'yan sandan Chicago suka harbe baƙar fata uku har lahira a wajen irin wannan taro, saboda korar wata tsohuwa. A titi maƙwabta suna shigar da kaya, a majigi abokai suna fitar da su. Ba na jin wannan bambanci ƙarami ne.

Akwai kuma wasu 'yan tsiraru masu cewa a ɓoye wa yara irin waɗannan fina-finai domin wai suna yi wa talaka dariya. Su ma ba su kalla da kyau ba. Ba a yi wa Mickey dariya ko sau ɗaya don ba shi da gida. Hasali ma, gwangwanin kusoshin nan ya fi dubun wa'azi faɗin gaskiya game da sadakar mutanen birni, kuma Cali Caflin da kansa, wanda ya yi shekaru yana fitowa a rigar ɗan gararamba, ba zai ji kunyar wannan fage ba. A nuna wa yara, amma idan an kunna fitila a tambaye su inda Mickey ya kwana.

Tambayar ba ta tsufa ba a ƙasar da ta haifi fim ɗin. Ƙidayar da ma'aikatar gidaje ta Amurka ta yi a dare ɗaya cikin Janairun 2024 ta sami mutum sama da 770,000 marasa matsuguni, adadi mafi yawa tun da aka fara irin wannan ƙidaya a 2007. A Yunin wannan shekarar ta 2024 kuma Kotun Ƙolin ƙasar, da alƙalai shida a kan uku, ta yanke hukunci a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon cewa hukumomin gari suna da ikon hukunta mai kwana a fili, ko da kuwa babu gadon da za a ba shi a wani wuri. A ƙarƙashin dokar wannan gari ta wancan lokaci, wanda aka kama ya shimfiɗa bargo a fili tara za a ci shi, idan ya yi ta maimaitawa a kore shi daga lambunan garin, idan ya dawo kuma kurkuku yana jiransa, inda mijin kyanwar nan yake.