KADUNA ZUWA ZARIYA: NISAN DA BA A AUNA SHI DA KILOMITA

Tsakanin filin jirgin sama na Kaduna da ƙaramin filin jirgi na Zariya, in aka miƙe ta sama, kilomita 60 ne da 'yan kai. Ƙaramin jirgin koyon tuƙi zai cinye shi cikin kamar minti 20. Ta mota kuwa sai an fito Mando, a bi Kawo, Maraban Jos, Jaji, har Kwangila, sannan a karkata Palladan, tafiyar da ta doshi kilomita 100. Babu jirgin fasinja da ke zirga-zirga tsakaninsu, kuma babu mai hankalin da zai nema, don kafin a gama binciken kaya ɗan bas ya isa.

To me ya haɗa saurayin Kakuri ko Makera da wannan lissafi? Abin da ya haɗa su shi ne, filin na Zariya na Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ne, wadda aka kafa tun 1964 da taimakon Majalisar Ɗinkin Duniya. A nan ake horas da matuƙa, da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage umurnin tashi da sauka. Ga ta a bakin ƙofa. Wanda ya yi sallar asuba a Nasarawa zai iya karya kumallo a ƙofarta. Amma a zaga majalisun matasa na ƙetaren gada a tambaya, mutum nawa suka taɓa sa wa ransu shiga cikinta?

Waɗannan fa 'ya'yan ma'aikatan masaƙu ne. Iyayensu sun ƙarar da ƙuruciyarsu a gaban injuna a KTL, wadda ta fara aiki a 1957 aka garƙame ta a 2002, da UNTL da ta bi sahu a 2007. Gidajen da suka san inji kamar yunwar cikinsu, yau 'ya'yansu na kan acaɓa da Keke, suna ɗaga kai in jirgi ya wuce.

Kuɗin koyon tuƙi miliyoyin naira ne, wannan gaskiya ne, kuma talaka ba shi da su. Sai dai kar wani ya ce wai mahukunta ba su san yadda ake gajarta nisa ba. A 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na mako 6 don gyara, aka karkato jirage Kaduna, nan da nan aka yi wa hanyar Abuja faci, aka jera jami'an tsaro, aka riƙa wucewa da manya ta Gonin Gora a kan idon kowa. Ashe dai ana iyawa in abin ya shafe su!

Amma su ma matasa akwai nasu. Kwalejin tana neman kiredit a Lissafi da Fiziks da Turanci, darussan da da yawa ke gudu tun ajin farko na babbar sakandare. Ko gobe gwamnatin jiha ta ce za ta ɗauki nauyin ɗalibai, wanda ba shi da takardar nan ba ya cikin layi, kuma 'ya'yan masu uwa a gindin murhu ne za su cike guraben.

Saboda haka ya kamata ƙungiyoyin matasa na Kudancin Kaduna su tashi wakilai su je Palladan su karɓo sharuɗɗan shiga, su buɗe darasin Lissafi da Fiziks na yamma a unguwanni, sannan su ɗauki sunayen waɗanda suka cancanta su kai wa hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da 'yan majalisarsu, a rubuce.