Tafiya da Ɗan Guzuri: Darasi Daga Birnin Bankok

Mutane da yawa sun ɗauka cewa yawon buɗe ido sai masu hannu da shuni. Ni ban yarda da haka ba. A ganina, matafiyin da ya goya jakarsa ya shiga gari da ɗan guzuri ya fi wanda ya kulle kansa a babban otal sanin garin da mutanensa. Birnin Bankok na ƙasar Tailan ya ishe mu misali.

Bankok birni ne mai zafi da cunkoson jama'a. Ya zama babban birnin ƙasar a shekarar 1782. A cikinsa akwai wani titi da ake kira Khao San, wato "shinkafar da aka cashe", domin a da kasuwar shinkafa ce. A yau matasa daga ƙasashe daban-daban ne suke cika shi. Suna sauka a masaukai masu araha, inda baƙi da dama suke kwana a ɗaki ɗaya.

Me irin wannan matafiyi yake samu? Da farko, yana cin abin da mutanen gari suke ci. A bakin titi zai tsaya, ya ga yadda ake soya taliyar shinkafa da ƙwai, a barbaɗa mata dakakkiyar gyaɗa. Na biyu, yana hawan abin da suke hawa. Zai shiga jirgin ruwa a kogin Chao Phraya tare da ɗalibai da 'yan kasuwa, ko jirgin ƙasan da yake bi ta saman tituna tun shekarar 1999. Da kuɗi kaɗan zai isa wurin ibadar nan na Wat Pho, ya ga mutum-mutumin Buddha a kwance, mai tsawon mita 46. Gani ya kori ji.

Wani zai ce araha ba ta ado. Da gaskiyarsa. Masauki mai araha ba ya rasa hayaniya, kuma baƙo ko da idonsa makaho ne. Akan sami 'yan damfara da za su ce wa baƙo an rufe fadar sarki a ranar, su sa shi a keke mai ƙafa uku da ake kira tuk-tuk, su kai shi shagon da za a sayar masa da kaya da tsada. Amma maganin wannan shi ne lura. Matafiyi ya tambayi masu masaukinsa kafin ya fita, ya daidaita farashi kafin ya hau keke, ya kuma adana fasfonsa da kuɗinsa.

Sai dai akwai bambanci tsakanin tsimi da rowa. Wasu matafiya sukan biya kuɗin jirgin sama mai yawa, sannan su tsaya suna ja-in-ja da tsohuwa mai sayar da mangwaro a kan 'yan canji. Wannan ba wayo ba ne, zalunci ne, domin da wannan cinikin take ciyar da iyalinta. Haka kuma, ƙarancin kuɗi ba ya hana ladabi. Wanda zai shiga wurin ibadarsu ya rufe kafaɗunsa da gwiwoyinsa, ya tuɓe takalmansa a ƙofa.

Saboda haka, ɗalibi kada ya jira sai ya yi arziki. Ya fara da garin da yake kusa da nasu, ya koyi tara guzuri, da tambaya, da girmama mutanen da ya tarar. Wanda ya iya waɗannan uku, ko Bankok ya je ba zai ɓata ba.

Tambayoyi

1. Mene ne ma'anar sunan Khao San?
2. Kawo abubuwa biyu da mai ɗan guzuri yake samu a Bankok.
3. Wane bambanci marubucin ya nuna tsakanin tsimi da rowa?
4. Ka yarda da ra'ayin marubucin? Kawo dalilanka.