Waken da Turai ta ƙi, wa ke cinsa?

A watan Yuni na 2015 Tarayyar Turai ta hana a shigar mata da busasshen wake daga Nijeriya. Dalili kuwa shi ne maganin ƙwari. Dokarsu ba ta yarda sinadarin da ake kira DDVP ya wuce miligiram 0.01 a kowane kilo na wake ba, amma a wasu buhunan da suka gwada sun tarar har miligiram 4.6, wato ninki 460 na abin da aka yarda. A 2016 suka tsawaita hanin da shekara 3, a 2019 suka sake ƙarawa.

Da labarin ya fito, yawancin kukan da aka yi na kuɗi ne, ana cewa mun rasa kasuwa, an zubar mana da mutunci a idon duniya. Gaskiya ne, abin kunya ne ga ƙasar da ta fi kowace noman wake a duniya. Amma akwai tambayar da ta fi wannan nauyi. Waken da Bature ya auna ya ce guba ne, sauransa da ya rage a gida, wa ke cinsa? Mu ne. Shi ne ƙosan da yaranmu ke saya a hanyar makaranta, shi ne alelen da zumuntar mata ke dafa wa baƙi ranar taro, shi ne shinkafa da waken makarantun kwana.

DDVP ba baƙo ba ne a gidajenmu. Shi ne ke cikin Sniper da fiya-fiya. Ba a yi shi don a zuba a kan abinci ba. To me ya kai shi cikin buhu? Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwansa, a kawo shi gida ba a sani ba. Cikin 'yan watanni sai ka ga buhu ya koma ramuka da gari. Ɗan kasuwa kuma yana so ya saya da kaka ya ajiye sai farashi ya hau da damina. Sai ya yayyafa magani, ya ɗaure baki. Wake ya fito fes, mai saye ya yaba, bai san abin da ya ɗauka ba. A 2008 an kwasi ɗalibai mata fiye da 100 daga wata makaranta a jihar Gombe zuwa asibiti bayan sun ci wake. Wannan shi ne wanda ya fito fili. Gubar da ake ci kaɗan-kaɗan shekara da shekaru ba ta shiga jarida.

Mu duba yadda Turawa ke yi, ba don sun fi mu tsoron Allah ba, sai don sun ɗauki cikin mutanensu da daraja. Kayan abinci da yawa ba sa shiga ƙasashensu sai da takarda, wasu kuma har da gwaji a bakin iyaka. Wanda kuma zai rubuta a jikin kayansa cewa an noma su ba takin zamani ba feshi, sai mai dubawa ya je gonarsa, ya ga littafin aikinsa, sannan a ba shi shaida. Sabuwar dokarsu a kan wannan ta fara aiki a Janairun 2022. A kasuwarmu kuwa, in mai awo ya ce “wannan ba magani”, bakinsa ne kawai shaidarka.

Muna da hukumomi. Akwai NAFDAC mai kula da abinci da magunguna, wadda a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben Sniper barkatai. Akwai NAQS mai binciken kayan gona da ke shiga da fita. Roƙonmu gare su shi ne, awon da ake yi wa buhun da zai hau jirgi a yi wa wanda zai je Dawanau da kasuwannin ƙauye. Ran ɗan Zonkwa ko Biliri bai fi na ɗan Faransa arha ba.

Wani zai ce, kuna so manomi ya zuba ido ƙwaro ya cinye wahalarsa? A'a. Asararsa ta gaske ce, amma akwai mafita. Iyayenmu sun adana wake da toka, da yashi, da shanya mai kyau a rana. Yau kuma akwai buhun PICS, wanda masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka ƙirƙiro, tushen aikin kuwa a arewacin Kamaru aka yi shi tare da manoma irinmu. Leda biyu ne masu kauri a ciki, da buhu a waje. In wake ya bushe sosai aka ɗaure kowace leda dabam, iska ta ƙare wa ƙwaro, ɓarna ta tsaya, ba ko ɗigon magani. In ledar ba ta huje ba, a sake amfani da ita baɗi. Jarka ko duro mai murfi da ba ya shigar da iska ma yana yin wannan aiki.

Saboda haka gyara ya fara daga gida. Mu manoma, waken da ba za mu iya dafa wa 'ya'yanmu ba, kada mu kai shi kasuwa, balle mu kawo shi baiko ranar godiyar kaka. Masu ajiye hatsin ikilisiya da na makarantunmu su nemi buhun da ba ya bukatar magani. Ƙungiyoyin mata da na matasa su haɗa kuɗi su sayo da yawa, su koya wa juna ɗauri. Iyaye mata kuma, wake mai warin magani ku bar shi wurin mai shi, wanki da tafasa ba tabbas ba ne. In masu saye suka riƙa tambaya, masu sayarwa za su canja.

Ba don Turai ta buɗe mana ƙofa za mu yi wannan ba. Don maƙwabcin da zai ci ne, wanda ya amince da mu bai ga abin da muka zuba ba. Allah ya ba mu ikon riƙon wannan amana.