Gurbi Ba Sifiri Ba Ne

Kowane ma'aikacin ƙididdiga ya san takardun bincike ba su cika komowa a cike ba. Yadda aka yi da gurbin da ba amsa shi ke gyara rahoto ko ya ɓata shi.

A ɗauka za a auna yara huɗu: uku sun yi kilo 10, 12 da 14, na huɗun bai zo ba. Matsakaicin nauyinsu kilo 12 ne. In aka cike gurbin da sifiri, sai ya sauko 9. In kuwa aka sa 99 don alamar rashin amsa, ba a sanar da manhajar SPSS ba, sai ya haura 33. Ita manhajar R, NA take rubutawa, ba ta ba da matsakaici sai an umurce ta ta tsallake gurbin.

Amma fa tsallakewa ma da nata haɗarin. Tun 1976 Donald Rubin ya nuna dalilin rashin amsar shi ne abin dubawa. In ciwo ne ya hana yaron zuwa, cire shi ya ɓoye wanda ya fi bukatar taimako. Saboda haka wajibi ne kowane rahoto ya bayyana mutum nawa aka cire, da dalilin cire su.