Waiwaye: Yaɓen da Muka Daina Yi a Birnin Zazzau

Ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, ana tsaka da sallar La'asar, wani sashe na babban masallacin da ke ƙofar fadar Zazzau ya rufta a kan masallata. Aƙalla mutum 7 suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Mai martaba Sarkin Zazzau, Ahmed Nuhu Bamalli, ya shaida wa manema labarai cewa tun kwana ɗaya kafin nan an ga tsaga a jikin bangon, ana shirin kiran masu gyara ne ƙaddara ta riga fata. Tun daga ranar nake jin mutane na cewa ai ginin ƙasa ya gama zamaninsa. Hukuncin nan bai kwanta mini ba, domin ginin da ya kusa shekara 190 yana ɗauke da jama'a bai cancanci a yanke masa shari'a da rana ɗaya ba.

A zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda ya mulki Zazzau daga 1834 zuwa 1846, aka gina masallacin. Maginin shi ne Malam Mika'ilu, wanda ake kuma kira Muhammadu Durugu, Babban Gwani. Har yau akwai unguwa mai sunansa a cikin birni. Ba siminti, ba rodi. Ƙasa ce da azara da igiya, sai sanin da ke cikin kai da tafin hannu. Azara ɗaya, wadda ake tsagowa daga giginya, ba ta iya ɗaukar nauyin rufi a faɗin da ya wuce kimanin mita 2. To yaya aka rufe makeken ɗakin salla da ita? Magini zai kafa azaru a jikin ginshiƙi, ya ɗan karkata su, ya ɗaure, ya lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, ya tafi abinsa har sai ta bushe. Ya dawo ya ɗora wasu a kai, sun ɗan fi na farko leƙowa. Haka daga wancan ɓangaren. Sannu a hankali hannuwa biyu su haɗu a sama, bakan gizo ya tsaya. In bakuna suka gitta juna a tsakiya, an sami ɗaurin guga, a kansa kuma tulluwa ke zama. Mai gaggawa ba ya wannan aiki. Dattawa na ba da labarin cewa da Babban Gwani ya gina wa Sarkin Birnin Gwari irinsa, sai aka halaka shi don kada ya sake yi wa wani. Ko yaya labarin yake, ya nuna irin darajar da hannun magini ke da ita a wancan zamani.

Na taso na tarar da sauran wannan duniya. Da bazara ta kama, kafin ruwan farko, kowane gida a unguwarmu na cikin hidimar yaɓe. Jakuna su yi ta jigilar jar ƙasa daga bakin kududdufi. A zuba ruwa, a watsa ciyawa da kashin doki, mu yara mu shiga da ƙafa muna tattakawa har ƙasar ta yi danƙo, a bar ta ta kwana biyu ta ruɓa. Wani tsohon magini da muke kira Baba yakan hau soron kakanmu da ɗan sanda yana ƙwanƙwasa rufi, kunnensa a karkace. Inda ya ji ƙarar ta yi holoƙo sai ya tsaya ya ce a tone nan, gara ta shiga azara. Yakan zura hannu cikin kowane indararo ya fid da ganye da sheƙar tsuntsu, ya shafa zankwayen da damina ta cinye wa kai. Sannan a jiƙa ɓawon ɗorawa a sami makuba a shafe bango, ruwa ya riƙa zamewa a jikinsa.

Rufi kuwa laso ake yi masa, kuma a nan ne na fahimci abin da ya ɓace mana. Ana haɗa laso da katsi, wato guggubin da ake kwasowa daga rijiyar marina, da gashin awaki daga wurin majema, da ruwan dafara. Ashe soro ɗaya yana tsaye ne a kan marini da majemi da mai jaki da mai saran giginya. Da karofi ya mutu, katsi ya bi shi. Da dazuzzuka suka yi baya, azarar kirki ta yi tsada. Magini ya waiga bai ga abokan aikinsa ba, ɗansa kuma ya koma buga bulo.

Kuɗin mai na shekarun 1970 ya ƙarasa sauran. Kwano da siminti suka zama alamar mutum ya samu. A shekarun ne aka ɗaga sabon gini na kankare ya lulluɓe abin da aka bari na tsohon masallacin. Niyya ce mai kyau, an so a kare shi daga ruwa, a kuma ƙara wa masallata wuri. A gidaje ma haka aka yi: aka bi bangayen ƙasa aka shafe da siminti don a huta da yaɓen shekara-shekara. Amma bangon ƙasa yana shan laima, yana kuma fitar da ita in rana ta buga shi. In ka rufe shi da siminti, laimar da ta taso daga ƙasa ba ta da mafita, sai ta zauna tana cin bangon ta ciki, fuska sumul, ciki ruɓaɓɓe. Ga kududdufan da ke shanye ruwan unguwa an cike su an yi gidaje, ga magudanai sun toshe da leda. Ganuwa kanta, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan zuwa Ƙofar Kuyambana, dubi yadda aka yi ta yagar ta ana buga tubali, ana kafa gidaje a kan gadonta.

Ba a rasa rubutu ba. Zbigniew Dmochowski, masani ɗan ƙasar Folan, ya auna masallacin ciki da bai, ya sa maginan gargajiya suka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-gine da ke Jos. Ya rasu a 1982, littafinsa mai juzu'i 3 ya fito a 1990. Friedrich Schwerdtfeger ya bi gidajen birnin Zariya yana zana taswirarsu. Namu, Hamman Tukur Saad, ya rubuta kundin digirinsa na uku a 1981 kan fasahar maginan ƙasar Hausa. Allah ya saka musu. Sai dai takarda ba ta jin ƙarar rufin da gara ta ci, kuma sashen koyar da zanen gine-gine na Jami'ar Ahmadu Bello yana nan Samaru, tafiyar 'yan mintoci daga gidajen tsofaffin maginan da ke ƙarewa ɗaya bayan ɗaya.

Maƙwabtanmu ba su saki ba. A Djenne ta ƙasar Mali, duk shekara gari ke fitowa ƙwansa da kwarkwatarsa a yaɓe masallaci. A Yaama ta jihar Tawa a Nijar, masallacin ƙasa da Falke Barmou ya gina ya ci lambar Aga Khan a 1986. A Dandaji, ita ma a Nijar, Mariam Kamara da Yasaman Esmaili sun sa maginan gari sun gyara tsohon masallaci ya zama ɗakin karatu a 2018, maimakon a rushe shi.

Abin da nake roƙon masarauta da jami'a bai fi ƙarfinsu ba. A ƙidaya sorayen da suka rage a Kwarbai da Kaura da Limancin Kona da sauran unguwanni. A ba Sarkin Magina da mutanensa aikin duba su kowace bazara, a biya su ladan da zai sa matashi ya yi sha'awar gadon sana'ar. A turo ɗaliban Samaru su tuɓe takalma su shiga kwaɓi a ƙarƙashin waɗannan dattawa, a sa musu maki a kai kamar kowane darasi. Mai tsohon soro kuma, kafin hadarin farko ya haɗu, ya hau ya duba indararonsa, ya janye ruwa daga gindin bango, in ya ga tsaga ya fitar da iyalinsa daga ɗakin a ranar, sannan ya aika a kira magini.