ZOBEN AURE: SAYEN NAGARI, MAI DA KUƊI GIDA

Da zarar an ɗaure dammunan gero aka fara kai raken fadama kasuwa, to lokacin bukukuwa ya kama a Icirnawa da sauran garuruwan ƙasar Kance. A nan ne samari ke kama hanyar Matamaye da kasuwar Dole ta Damagaram, wasu su ƙetare Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, domin haɗa kayan lefe. A cikin akwatin yau akwai baƙon da kakanni ba su san shi da wannan suna ba, shi ne zoben aure.

Zobe dai ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin sarakunan Damagaram maƙeran farfaru ke narka liyari, wato kuɗin azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza da shekarar 1780 a jikinsa, suna ƙera zobba da mundaye da warwaro. Sabon abin shi ne a keɓe zobe guda a ce shi ne shaidar aure. Wannan al'adar Turawa ce, ta shigo ta hannun ƴan lakkol da ma'aikatan gwamnati, daga baya finafinai da wayar salula suka kai ta har ƙauye. Tun da ta samu wurin zama, abin da ya rage shi ne a san yadda za a zaɓa ba tare da an yi asara ba.

Abu na farko, zobe ba ya ɗaura aure, sadaki ke ɗaura shi. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato zinariya garam 1 da ɗan ɗoriya, ko dirhami 3 na azurfa. Ya zo cikin hadisi cewa Manzon Allah (SAW) ya umurci wani talaka mai neman aure da ya nemo ko da zoben baƙin ƙarfe ne. Saboda haka idan an yarda zoben ya shiga cikin sadaki, sai a faɗa a gaban waliyyai da shaidu, ya zama dukiyar amarya ita kaɗai, babu rabon uba ko miji a ciki. Idan kuwa kyauta ce, ita ma a bayyana. Rigingimu da dama da ke kai dangi gaban mai gari bayan rabuwar aure, daga wannan shirun suke tasowa.

Shi kuma ango, malamai sun yi bayani cewa zinariya ta mata ce. Namiji azurfa aka halatta masa, kuma Malikawa sun iyakance nauyin zobensa ga dirhami 2, kusan garam 6. Wanda ya je saye da niyyar yin iri ɗaya da amaryarsa, sai ya tuna da wannan.

Abu na biyu, ido ba mudu ba ne. Zinariya tsantsa ita ake kira karat 24, amma ta cika taushi, zoben da aka yi da ita ba ya jure daka da wanki da jan guga. Shi ya sa ake garwaya ta da jan ƙarfe ko azurfa. A cikin cikin zoben ƙwarai akwai ɗan hatimi mai lamba: 750 na nufin karat 18, 875 karat 21, 916 kuwa karat 22. Lambar tana faɗin yawan zinariyar da ke cikin kashi 1000. Ke nan zobe mai garam 4 na karat 18 yana ɗauke da zinariya garam 3, na karat 21 kuwa garam 3 da rabi. Azurfa ta ƙwarai lambarta 925. Ga macen karkara mai aikin hannu, karat 18 ya fi ƙarko. Ga mai son ajiya, karat 21 ya fi riƙe daraja.

Sai dai hatimi ma ana buga na jabu, kuma sai an gwada akan san na ƙwarai. Maganaɗisu ba ya jan zinariya, amma tagullar da aka yi wa ruwan zinariya ita ma ba ya janta, don haka wannan gwaji bai wadatar ba. Maƙeri na gaskiya yana goga zoben a kan baƙin dutsen gwaji, ya ɗiga ruwan asid a kan zanen: na tagulla ya ɓace, na zinariya ya tsaya. Mai saye ya nemi a yi haka a gabansa, a ɗora zoben kan sikeli yana kallo, a kuma rubuta masa takarda mai nauyi da karat da farashin garam da kuɗin ƙira. Wanda ya ƙi bayar da takarda, ya riga ya faɗi abin da yake sayarwa. A kuma yi hattara da zobe mai tarin duwatsu: ranar saye ana auna su da farashin zinariya, ranar sayarwa a ɓamɓare su a zubar. Kuɗin ƙira ma ba ya dawowa. Zoben da ba shi da ado mai yawa shi ne ke mai da kuɗi gida.

Wannan magana ta sayarwa ba fatan tsiya ba ce. Ga macen ƙauye da ba ta da asusu a banki, abin da ke yatsanta da kunnenta shi ne rumbunta na biyu. Ranar 12 ga Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Wadda ta ɓoye jikkunanta a cikin tukunya ta wayi gari da rabin ƙarfinsu, wadda ta ajiye zinariya kuwa ba ta rasa kome ba. Masu riƙe naira a bakin iyaka sun ɗanɗana irin wannan daga shekarar 2023. A 1994 awon zinariya na kasuwar duniya, mai garam 31, bai kai dalar Amurka 400 ba. A watan Oktoban 2025 ya haura 4000. A yunwar 2005, bayan fari da fara, gidaje da yawa na jahar Damagaram da akuyar mace da ƴan kunnenta suka sayi hatsi. Ranar irin wannan ce ake gane wanda ya ba amarya dukiya da wanda ya ba ta kyan ɗan maciji.

Amma tsadar nan tana da wani darasi. Zinariyar da ake tonowa a Jado tun 2014, da wadda ta ci rayukan aƙalla mutum 18 a ramin Ɗan Isa cikin jahar Maraɗi a Nuwamban 2021, ba ta sa zobe ya yi araha a Matamaye ba, domin farashinta a kasuwannin waje ake yanke shi. Saurayin da zai jinginar da gonar gado ko ya sayar da saniyar noma domin zobe, ya ci amarcin wata guda ya sayi yunwar shekara. Ƙasar Kance ta san kuɗin gasar biki fiye da kowa. A Oktoban 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara ƴan wannan yanki, ƙishirwa ta kashe su a hamada kan hanyar Aljeriya. Talauci ne ya fitar da su, kuma daga cikin nauyin da ke tura iyaye mata wannan hanya har da kayan ɗakin ɗiya. Duk abin da dangin ango suka ƙara a lefe don a gani a faɗa, uwar amarya ce ke ramawa a gara.

Saboda haka daidai ruwa daidai tsaki. Mai hali ya sayi zinariya, ya auna, ya karɓi takarda. Marar hali ya je wurin maƙerin garinsu a ƙera masa azurfa ta gaskiya, a gwada yatsan amarya da zare domin kada zoben ya matse ta ranar da ciki ya kumbura mata hannu. Garam 3 na azurfa tsantsa sun fi tulin tagullar da za ta koɗe kafin damina ta faɗi, ta bar wa amarya koren tabo a yatsa da kunya a gaban kishiyoyi.

Allah ya ba ma'aurata zaman lafiya da zuriya ɗayyiba.